Kwamanda Ya Wanke Libarba

Ba wanda ya naɗa shi Kwamanda, shi ya naɗa kansa. Gaskiya ne ya taɓa zama a barikin soja, amma wanki da guga ya yi a can, kuma yaƙin da ya taɓa gani bai wuce ranar da ya ƙona rigar wani kofur ba. Sai dai in ka same shi a kan bencin ƙofar gida yana ba da labari, sai ka rantse ba bindigar da ta taɓa tashi a barikin nan ba tare da an nemi izininsa ba. Mutanen layi sun daɗe da daina musu da shi. Matarsa kuwa, wadda da keken ɗinkinta ake cin abinci a gidan, in ya fara sai ta ƙara wa keken gudu.

A gidan akwai ƙaninta, Auta, saurayi mai kunya da ladabi, wanda aka ɗauka malamin wasanni a makarantar bayan kasuwa. Ɗaukar gwaji ce. Hedimasta ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa ranar gasar tsere za a san matsayinsa: in taro ya yi kyau aiki ya tabbata, in an yi abin kunya a gaban iyaye ya nemi wata hanyar. Auta ya daɗe yana yawon neman aiki kafin ya sami wannan, saboda haka tun da satin ya kama ko abinci ba ya iya gamawa.

Ana gobe gasa ya shigo da wani ɗan akwati a hammata. A ciki akwai libarbar makaranta, ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa, wadda ake harbawa sama don 'yan tsere su tashi. Harsashinta ƙara ce kawai da hayaƙi, babu dalma. An ba shi ajiyarta ne don ya isa da ita fili da sassafe.

"Yaya," ya ce wa Kwamanda, "zan koma in ja layuka a fili. Don Allah kada kowa ya taɓa akwatin nan."

"Je ka abinka. Ai a hannun masu abin ka bar ta."

Wannan amsar ba ta kwantar wa Auta da hankali ba, amma a gidan mutumin yake kwana, ba zai iya maimaitawa ba. Ya fita yana waiwaye.

Ko kwanar layi bai sha ba Kwamanda ya buɗe akwatin. Ya fito da libarba tsakar gida, ya ɗaga ta a rana, ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare. Iya, tsohuwar da ke ɗakin kusa da nasu, tana wanki a bakin famfo. Direba, mai ɗakin ƙarshe, yana zaune a kan benci yana yanke farce. Mutum biyu sun ishi Kwamanda taro.

"Ku duba tsatsa," ya ce. "Wannan a bariki da an kulle mutum. Da wannan za a tashi tsere a gaban manyan baƙi? Yau zan warware ta gaba ɗaya, in wanke, in shafe, in mayar. Gobe in ta yi magana, sai an ji a ƙarshen gari."

Direba ya ɗan matsa gefe. "To ka dai duba ko da wani abu a cikinta tukuna."

"Sabon shiga ne ke dubawa. Mu da nauyi muke ganewa." Ya jinjina ta a tafin hannu, ya lumshe ido. "Wayam. Ko ƙura babu."

Ya ɗaga ta sama, ya ja kunama don ya nuna musu.

Ƙarar da ta tashi sai da kwanon rufi ya amsa. Ashe akwai harsashi guda da ya kwana a ciki tun gasar bara. Kajin Iya suka watse, ɗaya ta haye igiyar shanya ta sauko da zanin gado. Iya ta zauna daɓas a cikin bahon wanki. Direba kuwa ba wanda ya ga lokacin da ya shige ƙarƙashin benci, sai ƙafafunsa kawai ake gani. Shi kansa Kwamanda ya tsinci kansa a bayan randa, bindiga a can, shi a nan, kunnensa na kuka.

Matarsa ta fito daga ɗaki da tulin rigunan 'yan tsere a hannu, waɗanda makaranta ta ba ta ɗinki. Ta dubi Iya, ta dubi benci, ta dubi randa.

"Malam, me kake nema a nan?"

"Matsayi na ɗauka," ya ce, yana miƙewa yana kakkaɓe gwiwa. "Haka ake yi bayan harbi."

"Na ji ka ce wayam ce."

"Gwada ku na yi. Na ga kuwa duk ba ku da horo."

Iya ta fito daga baho, ruwan sabulu na zuba daga zaninta. "Ka ji ni da kyau, ɗan nan. In na ƙara jin ko tarin bindigar nan a gidan nan, ni da kai sai a gaban mai gidan haya. Zuciyata ba ta wasanka ba ce."

"To ai ga shi ta tashi lafiya lau," matar ta ce. "Mayar da ita akwati ka bar wa yaro abinsa."

"Ke kin ji ta tashi, ni na ji muryarta ta dishe. Kowa da fanninsa. Na taɓa ce miki ga yadda ake yanka wuyan riga?"

"Jiya ma ka faɗa."

Ba ta da lokacin ja da shi, don ana jiran riguna a makaranta. Da ma da ta gama ɗinkin ta kwance wasu sassan kekenta don ta share ƙurar zare ta ɗiga mai, ta jera su a kan faranti kusa da keken. Ta ɗaure riguna a ɗankwali, ta ce kada a taɓa mata faranti, ta fita. Mutum na biyu ke nan a rana ɗaya da ya ce wa Kwamanda kada ya taɓa abu.

Da ya zauna aiki sai ya ga yana bukatar wurin zuba ƙananan ƙarafa. Ya duba nan, ya duba can, ga faranti a kusa, har da sauran fili a gefe. Ya jawo shi. Ya ɗauko sukundireban matarsa ya fara kwance duk abin da ya yarda ya kwantu, wanda ya ƙi kuma ya lallashe shi da ƙotar wuƙa. Yana yi yana bayani, Direba na kallo daga nesa.

"Sirrin aikin nan shi ne tsari. Kowane ƙarfe ka san inda ka ciro shi."

Yana rufe baki wani sifirin, ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, ya yi tsalle daga cikin bindigar, ya wuce ta gefen kunnensa, ya ɓace. Aka shiga nema. Kwamanda ya yi rarrafe daga bakin famfo har ƙofar banɗaki. Ya zargi wata kaza da haɗiyewa, ya bi ta ya kama, yana matsa mata maƙoshi, Iya ta fito da muciya ta ƙwaci kazarta. A ƙarshe a cikin bahon wankin aka same shi, ya maƙale a hannun rigar jikanta. Da Kwamanda ya dawo da shi yana murna, ƙafarsa ta taka bakin farantin, komai ya kife.

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, na bindiga da na keke, ya zuba a wuri guda. Ya kwarara musu kananzir, ya dama da yatsa, ya goge da tsumma. Suka fito fes, suna ƙyalli, kuma duk sun zama 'yan uwa ɗaya.

"Ka gane na wane da na wane?" Direba ya tambaya.

"Ƙarfen yaƙi ba ya ɓuya. Da hannu ake jin sa."

Sifirin biyu ne a farantin, ɗaya mai tauri, ɗaya mai laushi. Mai taurin ya ƙi shiga bindiga, ya tsere masa har ya fasa masa farce. Mai laushin kuwa ya shige salin-alin. Kwamanda ya ce ai abu in nasa ne ba ya gardama. Haka ya yi da wani siririn ƙarfe da ke riƙe gangar harsashi a wurinta: na ainihin ya ƙi zama, sai ya zura ɗan tsinken keke da ake ɗora zare a kai, ya ga ya shiga har da sauran wuri. Sauran kayan ya ɗura wa keke, don ya yi wa matarsa alheri ta dawo ta tarar an haɗa mata. Duk da haka wani ɗan ƙarfe ya yi saura, ya rasa gida. Ya juya shi, ya jefa a aljihu.

"Wannan fa?" in ji Direba.

"Ƙari ne. Masu ƙerawa sukan sa don ko-ta-kwana."

Sannan ya tuttula wa libarba man keke har tana ɗiga, ya goge bayanta da gefen riga. Ba laifi, ta yi kyau a ido.

Da yamma Auta ya dawo, fari fat da hodar layi. Da ya ga bindiga na sheƙi a kan akwati, sai ya ɗauke ta yana jujjuyawa.

"Yaya, an taɓa ta?"

"An ceto ta dai. Ka gode wa Allah da ya ba yayarka miji."

"To bari in gwada ko sau ɗaya, in ji ta tashi."

Daga cikin ɗakinta Iya ta ce, "Gwada mana. Ga mayafina a hannu, sai wajen mai gida."

Auta ya dubi ƙofar Iya, ya dubi mijin yayarsa, ya mayar da bindiga akwati ba tare da gwaji ba. Tsoro ya cika shi, amma bai ga wanda zai kai wa kuka ba.

Saura shiri na biyu. Kwamanda ya yanke shawara ba zai je fili a matsayin ɗan kallo ba. Ya buɗe ƙasan akwatinsa ya zaro wani tsohon kaki da wani soja ya bar masa a wurin wanki. Rigar ta shiga da addu'a. Wandon kuwa ya zo cinya ya tsaya, don Kwamandan yanzu ya ninka na bariki. Ya ce wa matarsa ta buɗe bayan wandon ta ƙara ƙyalle.

Ta zauna ta taka keke, zare ya tsinke. Ta sake zurawa, ɗinki ya fito a tamuke, ya ɗaure tamau. Ta nemi inda take ɗora zare ta rasa.

"Malam, me ka yi wa kekena?"

"Sabis."

"Ɗinkin nan ba zai riƙe ba. Zaren ya yi tsauri, da an ja zai fashe. Ba zan sa hannuna a wannan ba, sai na warware keken da safe na ga abin da ka cusa masa."

"Da ma keken ya saba da lalaci ne, yanzu ya sami horo. Tashi ki gani."

Ya soka ƙusa ya ɗora zare, ya zauna ya ɗinka abinsa da kansa, keke na kuka yana tari. Ya ɗaga wandon ya nuna wa tsakar gida. Matarsa dai ta ce Allah ya kai mu goben.

Washegari fili ya cika. Ga rumfar manyan baƙi da teburi an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an jera kofunan kyauta. Ga iyaye, ga masu sayar da ruwan sanyi, ga yara cikin sababbin riguna. Iya da Direba ma sun zo, don sun ce abin da aka fara a gabansu sai sun ga ƙarshensa. Auta na ta kai da kawowa, usur a wuya, komai ya tsaru yadda ya kamata.

Sai ga Kwamanda ya ratso tsakiyar fili cikin kaki, yana tafiya a tattale saboda wandon bai ba shi izinin dogon taku ba. Ya nufi rumfa kai tsaye, ya ƙame a gaban Hedimasta, ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, ni ne na duba makamin. Shekaru na yi a bariki."

Hedimasta mutum ne mai son a ce taronsa ya tara manya. Nan take fuskarsa ta washe. "Madalla. Malam Auta, me ya sa ba ka gaya mini kana da ofisa a gida ba? Ai shi ya kamata ya tashi tseren farko."

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, da dai..."

"Ba shi bindigar."

Aka jera manyan ɗalibai a bakin layi. Aka sanar a lasifika cewa wani tsohon jami'i ne zai buɗe gasa. Kwamanda ya zuba harsashi, ya tsaya a gefen 'yan tsere, ya juya wa rumfa baya don kowa ya ga faɗin kafaɗarsa. Ya ɗaga hannu sama. Fili ya yi tsit.

"Ku shirya!"

Yara suka durƙusa. Ya ja kunama.

Ƙyas.

Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ɗigon mai da ya sauko masa a goshi. Ya sake ja. Ƙyas. Yara na nan a durƙushe, ƙafafu sun fara rawa. Wani daga cikin iyaye ya ce ko a kawo mata ruwa ta sha. Daga bayan igiyar da aka kewaye fili da ita aka ji muryar Iya tana cewa jiya dai da bakinta.

"Tana ɗumama ne," Kwamanda ya faɗa da ƙarfi. "Irin ta manya ce, ba ta tashi a sanyi."

Ya girgiza ta, ya bubbuga ta a tafin hannu, ya sake ɗagawa ya ja da iya ƙarfinsa. Tsinken zaren nan ya zame ya faɗo. Gangar harsashi ta biyo shi, ta dira a kan takalminsa, ta gangara cikin ciyawa. Abin da ya rage a hannunsa bai fi ƙota da bututu ba. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ga in ya yi sauri wataƙila ba a lura ba. Ya sunkuya da gaggawa.

Ɓaaarr!

Ɗinkin jiya ya fashe tun daga ƙugu har gwiwa, da ƙarar da ta kai har rumfa. Yaran da suka gaji da jiran ƙara ba su tsaya tambayar daga ina ta fito ba, suka kwasa da gudu. Iyaye suka miƙe suna ihu, rabi don tsere, rabi don abin da Kwamanda ya juya wa manyan baƙi. Direba ya kwanta a ƙasa yana dukan ciyawa. Wata baƙuwa a rumfa ta rufe fuska da jaka, jakar na girgiza.

Auta ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ruga bakin layin ƙarshe ya tare na ɗaya da na biyu da na uku, ya dawo ya jera rukuni na gaba, ya tashe su da usur. Haka ya ja gasar har ƙarshe, gumi na zuba, bai ƙara duban rumfa ba. A ransa ya riga ya sallama aikin, yana dai so ya gama abin da ya fara.

Kwamanda kuwa ya ja da baya da baya har rumfa, ya janye farin ƙyallen teburi, kofuna suka kife, ya ɗaura a ƙugu.

Da aka tashi, Hedimasta ya sa aka kira Auta. An tsinto sassan libarba an zube a kan teburi. Fuskar Hedimasta babu alamar wasa.

"Malam, amanar kayan makaranta na ba ka. Ina so in ji yadda aka yi ta koma haka. Kai ka kwance ta?"

Auta ya sunkuyar da kai. Ba zai iya tona asirin mijin yayarsa a gaban mutane ba. Saura ƙiris aiki ya tafi.

Kwamanda na gefe yana ji. Ya ga idon yaron ya kawo ruwa, abin ya taɓa shi ƙwarai. Ban da haka kuma, bai taɓa jure a ba wani aikin da shi ya yi ba. Ya gyara ɗaurin ƙyalle ya matso.

"Ranka ya daɗe, wannan yaron? Ina ya ga hannun wannan aiki? Cewa ma ya yi kada a taɓa, ya fita. Ni na buɗe akwati, ni na warware ta, ni na haɗa. Hannu na biyu bai shiga ba. Ga shaidu nan."

"Mun shaida," Iya da Direba suka faɗa tare.

Ya laluba aljihu ya ajiye ɗan ƙarfen nan a teburi. "Ga ma canjinku."

Ana haka matarsa ta ratso taro da sukundireba a hannu, ta gaishe da Hedimasta, ta ajiye sifirin mai tauri kusa da sauran. "Ranka ya daɗe, wannan naku ne, a cikin kekena na same shi. Nawa yana cikin bindigarku. A ba ni abina, ina da ɗinkin mutane."

Hedimasta ya dubi sifirin, ya dubi jami'in da shi da bakinsa ya ce a ba bindiga, yana tsaye cikin ƙyallen teburin makaranta. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, abin ya fi ƙarfinsa, ya kifa kai a teburi kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago yana share hawaye, ya ce wa Auta mutumin da ya iya gama gasa bayan wannan, babu abin da zai gagare shi a makarantar nan. Ya zo aiki ranar Litinin, aiki ya tabbata. Libarba kuma a kai wa masu gyaran gaske, kada ta ƙara kwana a gidan kowa.

Auta ya yi ta godiya. A hanyar gida ya karɓi takalman Kwamanda ya riƙe masa, don tafiya da ƙyalle sai da hannu biyu.

"Ka gani ko?" Kwamanda ya ce masa. "Da ban zo ba, da yanzu kana neman aiki. Kuma duk filin nan, wa ya tashi tseren farko?"

"Wandonka," in ji matarsa.

"A jikin wa yake?"

Har yanzu Kwamanda yana ba da labarin a kan benci, kuma a bakinsa taron ya ninka, baƙin sun zama janar-janar. Abu ɗaya ne kawai ya canja. In zai ɗauki wani abu a ƙasa, sai ya durƙusa a hankali, bayansa a jikin bango, don da ya sunkuya yaran layi ke jeruwa su jira ƙara.